Ranar da Na Dafa Buhunan Inna

Inna tana da buhu huɗu. Tsofaffin buhunan goro ne, waɗanda Baba ya shigo da su daga Kumasi tun ban san kaina ba. Sun yi baƙi ƙirin, sun sandare, har idan aka jingina ɗaya da bango sai ya tsaya da kansa kamar mutum. Da su take rufe dafaffiyar kalwa kwana biyu zuwa uku, ta zama daddawa. Ba a wanke su, ba a ba da aronsu, ba a zama a kansu. Su nake so. Ƙanwata aka ba.

Duk Zongo an san daddawar gidanmu. Mosawa ma suna yin tasu, kolgo suke ce mata, suna dunƙula ta da ƙwayarta a tsaye. Tamu dakakkiya ce, baƙa, mai maiƙo. Fataken Kano masu sayar da yadi, idan miyar gida ta faɗo musu a rai, wurin Inna suke zuwa. Tana da wurin zamanta a babbar kasuwa, Rood Woko, kusa da layin masu goro, tun kafin a haife ni.

Mu biyu ne muka rayu cikin waɗanda ta haifa, ni da Auta, shekara shida tsakani. Ina ɗakin miji aka ce Nasara ya sauka, ƙasa ta koma hannun 'ya'yanta. Ban je kallon fareti ba, ina jego. Bayan shekara biyu motar goro ta kife da mijina a hanyar Po. Ƙyanda ta ɗauke yarana biyu cikin mako ɗaya. Na ɗaure kayana na dawo gida. Washegari na ɗauki guga.

Kalwa ba ta nuna da wasa. Yini da kwana take yi a kan wuta cikin rabin ganga, ana ƙara itace ana ƙara ruwa. Sannan a surfa ta da toka a turmi, a kai bakin rijiya a murje, a wanke, a sake wankewa, har ɓawo ya rabu da ƙwaya. A tsince. A sake dafawa. Itacen ni, ruwan ni, turmin ni. Tafin hannuna ya koma kamar tafin ƙafa.

Auta ta auri wani tela, gida uku tsakaninmu. Sai hantsi ya ɗaga take shigowa, da lalle a ƙafa, tana taunar goro. Nata aikin na ƙarshe ne. Ta tsame kalwa daga ganga, ta juye a kwando da tururinta, ta barbaɗa garin gero, ta jibga buhunan nan, ta ja ƙofar ɗakin daddawa, ta tafi maƙwabta hira. Ba ta ƙara tunawa da ita. Malalaciya ce, ita ma ba ta musu.

Ran kwana biyu Inna takan shiga ɗakin. Warin nan mai sa ƙwalla shi ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa. Sai ta cusa hannu ƙarƙashin buhu har gwiwar hannu, ta karanta Fatiha a ranta. Idan ta kai ƙarshe hannun ya jiƙe kuma yana neman fita don zafi, sai ta zaro shi, yauƙi yana bin yatsunta kamar zare, ta ce, "Ta kama."

Babu wuta a ɗakin. Babu rana. Kalwar da aka zuba shekaranjiya ya kamata ta huce, kamar tuwo, kamar kowane abinci. Ita kuwa sai ta ƙara zafi. Na tambayi Inna daga ina zafin yake zuwa.

Ta ce, "Rai ne."

"Ran wa?"

"Ke dai je ki ɗebo ruwa."

Sau uku na yi tawa ni kaɗai, a ɗakin ajiya da ke bayan gida. Ni mai tsabta ce. Na wanke kwando da sabulu, na sayo sabon buhu. Da na tsame kalwa sai na baza ta a tabarma ta sha iska, don a sanina duk abincin da aka rufe da zafinsa lalacewa yake yi. Na rufe. Da safe na ɗaga na duba. Da azahar na ɗaga na duba. Da la'asar ma haka. Sanyi ƙalau. Ran kwana uku ta yi furfura, ƙuda ya taru, aka zuba wa awaki suka ƙi.

Inna ta ce, "Ba ki da hannu. Ba laifi ba ne. Allah ya ba ki ƙarfi, ita ya ba ta hannu."

Auta ta ce, "Yaya, ki bar wahalar da kalwar mutane. Ko ni ce kalwa na gan ki da wannan fuskar, ai sai in ƙi kamawa."

Matan gida suka yi dariya. Ni ban yi ba.

A kasuwa ma haka. Ni ke ɗauko tallan a ka daga Zongo, in sauke, in jera. Wani dattijo Bakano mai yadi yakan zo duk Juma'a bayan masallaci. Ya ɗauki daddawa ya sansana, ya ce, "Inna, wannan hannun ƙaramar ce ko?" Inna ta ce ita ce. Ya ce, "Allah ya yi mata albarka." Ni kuwa sai ya ce, "Sannu da ɗauko kaya." Shekara takwas ina karɓar sannu da ɗauko kaya.

Ni ban yarda da maganar hannu ba. Na ga hannun Auta. Hannu ne mai laushi wanda bai taɓa sanin kaushin taɓarya ba. Abin da take da shi wanda ba ni da shi buhu ne. Na tabbata akwai wani abu a cikin buhunan nan, wanda ya taru shekara da shekaru, gumin Inna ko wata albarka, ko wani abu mai rai da ido ba ya gani. Ko ma mene ne, ita ake miƙa wa.

Wajen shekara goma bayan saukar Nasara gwiwoyin Inna suka fara ƙi. Wata rana cikin bazara ta tara mu a tsakar gida, a gaban matan da muke zaune da su. Ta ce ta gama zuwa kasuwa. Ɗakin daddawa, da buhunan, da wurin zama a Rood Woko, na mai hannu ne.

Na ce, "A gwada mu."

Ta dube ni. "An gwada ki sau uku."

"Ba a gwada mu tare ba. Kalwa ɗaya, rana ɗaya."

"To. Ita ta yi a ɗakin daddawa, ke ki yi a ɗakin ajiya."

"Da wane buhu zan rufe?"

"Idan hannu ne, ko da zane kika rufe za ta kama."

Auta ta ce, "Inna, a ba ta biyu mana, in riƙe biyu."

Inna ta ce, "Ba a raba su."

Wannan tayin na Auta ya fi yi mini zafi da komai. Wanda ya san zai ci shi ke irin wannan kyauta.

Muka yi dahuwar farko tare. Na surfa tawa, na surfa tata, don ta ce bayanta na ciwo. Aka raba kalwa ƙwarya biyu daidai. Saura dahuwa ta biyu da rufewa. Ranar kuwa ta faɗo daidai da bikin suna a gidan wata 'yar'uwar Baba a unguwar Dapoya. Matan gida duka suka shirya tun da safe, aka ɗora Inna a bayan mobilet, ɗan babur ɗin mijin Auta. Na ce ni ba zan je ba, zan dafa tawa. Auta ta ce tata sai ta dawo da la'asar, kalwa ba ta da ƙafar gudu.

Gida ya yi shiru. Na cika ganga da ruwa, na hura wuta.

Ba a ranar na shirya abin ba. Ya kwana uku a raina. Na san yadda ake yi wa kwarkwata. Lokacin da ta addabi gidan mijina, tafasa tufafi muka yi, ba ɗaya da ta tsira. Babu mai rai da ke jure tafasasshen ruwa, abin da na sani ke nan. Na ce idan na kashe abin da ke cikin buhu, ni da Auta mun zama ɗaya, sai a ga hannun da ake faɗa.

Na shiga ɗakin daddawa na kwaso su huɗun. Suna da nauyi. Na tura su cikin ganga da muciya, ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya yi ja, ya yi baƙi, ya yi kauri kamar miyar kuka. Wari ya tashi har sai da na toshe hanci da gefen zane. Tun hantsi nake ƙara itace har aka kira azahar. Na tsame, na matse, hannuna ya yi ja, na shanya a kan rufin kwanon ɗakin ajiya inda ba a hangowa daga titi. Ranar bazara ba ta daɗe da su ba.

Sai a lokacin na tuna da tawa kalwar. Na ce wa kowa dafa ta zan tsaya yi, ga ta nan ɗanya a ƙwarya. In zubar da baƙin ruwan nan, tsakar gida za ta shaida. In je rijiya in ɗebo sabo in jira ya tafasa, lokaci ba zai kai ba. Na juye kalwata cikin ruwan buhun.

Da na sauko da buhunan sai na ga sun canja. Sun yi laushi. Sun koɗe, har rubutun da ke jikinsu ya fito, wanda ban taɓa sanin akwai shi ba. Na jingina ɗaya da bango, ya sulale ƙasa. Na shafa musu baƙin tukunya da toka, na ninke, na tura su lungu mai duhu. Ina fitowa na ji ƙarar mobilet da muryoyin mata daga bakin layi.

Babu tabarma, babu shan iska. Na fizgi kwandon da ya fi kusa, tsohon na Inna ne mai daskararren yauƙi, na tsame kalwa na juye da tururinta. Na watsa garin gero. Na jibga bargona, da sabon buhu, da tsohon zanen gado, duk abin da hannuna ya kai. Na ja ƙofa. Baƙin ruwan da ya rage na kwara shi bayan ɗaki, na cika ganga da ruwan randa.

Auta ta shigo tana ba da labarin wadda ta sa zanen aro a wurin suna. Ta dafa tata. Ta shiga ɗakin daddawa da kwando, ta ɗan jima fiye da kullum, ta fito ta ja ƙofa. Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki gyalenta ta tafi gida.

Kwana biyu ban kusanci ɗakin ajiya ba. Gani nake duk inda na nufa idon Inna yana bina. Na yi wanki, na yi daka, na share inda na riga na share.

Da safen rana ta uku Inna ta dogara sanda ta nufi ɗakin daddawa, matan gida suna biye. Ni ina tsaye daga baya, ina jiran in ji an ce sanyi. Tana tura ƙofa warin ya fito. Tun a nan na sani. Ta durƙusa da ƙyar, ta taɓa buhun sama, ta murza shi tsakanin yatsu. Ta daɗe tana murzawa. Sannan ta cusa hannu. Leɓenta yana motsi. Ta zaro.

"Ta kama."

Muka zagaya ɗakin ajiya. Na buɗe, wari ya buge ni har ƙwalla ta zubo. Inna ta cusa hannu ƙarƙashin bargona. Ta zaro da yauƙi har wuyan hannu. Ta kai hanci. Ta goge a zane.

"Wannan ma ta kama."

Wata maƙwabciya ta ce, "To fa. Yau kuma an yi canjaras."

Na durƙusa na sa hannuna. Zafi ne sosai, mai laima, kamar cikin yaro mai zazzaɓi, har ya fi. Tawa ce. Ban so in zaro hannun ba.

Inna ta sallami matan. Muka rage mu uku a bayan ɗaki, kusa da inda ƙasa ta yi baƙi.

Ta ce, "Ɗaki na Auta ne."

Na ce, "Duka biyu sun kama."

"Ita da mataccen buhu ta rufe, kuma ta kama. Shi ne hannu." Ta nuna baƙar ƙasar da sandarta. "Ke kuwa kin san abin da kika zuba wa taki."

Ba ta zage ni ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta juya ta tafi, Auta ta riƙe mata hannu. Da ban dafa buhunan ba, da har abada ina da abin faɗa, in ce buhu ne ba hannu ba. Da itacena da ruwana na ba wa Auta shaidar da take nema.

Ni ma na yarda da maganar Inna. Na ɗauka albarkar buhun ce ta narke a ruwa, ta shiga kalwata, ta zauna a tsohon kwandon. Don haka ban mayar da kwandon ba, Inna kuwa ba ta tambaya ba. Daga ranar, duk abin da na yi cikin gaggawar nan shi nake maimaitawa, kamar mai bin umarnin malami. Kwandon ba ya ganin sabulu. Kalwa da tururinta. Bargon nan dai. Kuma tana kamawa. Da kwandon ya fara mutuwa na sa sabo a cikinsa har ya ɗauki yauƙin. Na sami wuri a ɗaya gefen kasuwa, wajen masu kayan miya. Na ci, na sha, na yi sutura da daddawa. Ban sake aure ba, ban roƙi kowa ba. Amma duk wanda ya yaba, a raina nakan ce kayan sata yake yabo.

Dattijon nan Bakano bai taɓa zagayowa gefena ba. Nakan hango shi ran Juma'a yana sansana ta Auta.

Inna ta rasu bayan shekara huɗu. Ni na yi jinyarta, ni ke juya ta, ni ke wanke ta. Ta sa mini albarka sau da yawa. Kalmar hannu ba ta fito ba. Na jira ta har ranar ƙarshe.

Auta ta haifi shida, duka suka rayu. Ta biyun mace ce, ta yi lakwal, karatun boko, har iniversite. Tanti take ce mini, kamar 'ya'yan ma'aikata. Na hana, ta ƙi bari, na gaji. Tana magana rabi Hausa, rabi Faransanci, da Mosanci a tsakiya. Ina da shekara hamsin da wani abu ta zo da jaka, ta ce a kan daddawa za ta rubuta takardar gama karatu. Ta ɗebi ta uwarta a 'yar kwalba, ta ɗebi tawa. Ta kankare jikin buhu, ta kankare kwandona. Tana da wani tsinken gilashi mai layi-layi na auna zafi. Ta soka a tulin uwarta ran kwana biyu, ta rubuta. Ta zagayo ta soka a nawa, ta rubuta.

Bayan wata biyu ta dawo, ta same mu a tsakar gida muna tsintar kalwa, kowa da faifanta. Har lokacin tare muke dahuwar farko, don itace ya yi tsada.

Na ce, "Me kika gani a kwalbar?"

"Mikrob, Tanti. Wasu 'yan halittu, ƙanana ƙwarai, sai da madubin labo, ɗakin bincikenmu, ake ganinsu. Kamar guntayen tsinke suke. Su ke cin kalwar, su kawo yauƙi da wari. Zafin da kuke ji, zafin aikinsu ne."

Auta ta ce, "Inna ta ce rai ne."

Yarinyar ta ce, "Yaaba ta yi gaskiya." Haka take kiran kakarta, da Mosanci.

Na ce, "Mai rai a cikin wannan zafin?"

"Shi suke so. Sanyi ne ke kashe musu jiki. Naku ma masu sauƙi ne. Suna da 'yan'uwa a wasu ƙasashe, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa yana tafasa, wanda zai saɓule fatar mutum. A ciki suke zaune, suna hayayyafa. In aka fitar da su aka sa a ruwan randa, sai su sandare."

"Allah mai iko," in ji Auta.

Na ci gaba da tsinta. Can na ce, "To idan mutum ya dafa buhu fa?"

Auta ta ajiye faifai. "Mutum? Wane mutum, Yaya?"

"Da 'yarki nake."

"A'a, faɗi sunan mutumin mu sani. Ko aljanin ɗakin ajiya ne?"

Yarinyar ta dube ni ta dubi uwarta. Auta tana dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, "Buhun da ke tsayuwa kamar soja na tarar da shi kwance kamar zanen amarya, an yi masa kwalliya da baƙin tukunya. Hannuna duk ya ɓaci. Shekara ashirin ina jiran ranar nan."

Na ce wa yarinyar, "Amsa mini."

Ta ce, "Ba lallai su mutu duka ba, Tanti. Irin waɗannan idan wuya ta zo sai su dunƙule su yi ɓawo, kamar ƙwayar iri, su jira. Ai kalwar ma dafa ta kuke yi, kuma ana samunsu bayan an sauke. Ko da na buhu sun ƙare, akwai su a kwando, akwai a bango, a garin gero, a ƙasan ɗaki. Irin da na samu wurin Mama shi na samu wurinki."

"Ruwan buhun fa? Wanda aka dafa kalwa a ciki?"

Na ba ta labarin duka, a gaban uwarta. Ban taɓa ba wa kowa ba. Ta saurara, ta tambaye ni yadda nake yi kafin ranar. Na faɗa mata sabulu, da tabarma, da dubawa.

Ta ce, "Ba ruwan ba ne. Da can kina wanke su, kina sa musu sanyi, sannan kina buɗe musu ƙofa sau uku a yini. Ranar nan kuwa tsoro ya hana ki. Kin zuba da zafi a tsohon kwando, kin rufe, kin ƙyale su."

Auta ta ce, "Wato dai lalacina ne hannun?"

"Kusan haka, Mama."

"Kin ji, Yaya? Da kin riƙa zuwa hira."

Ya kamata in ji sanyi a raina. Ban saci komai ba, ashe. Amma ba sanyi na ji ba. Idan babu hannu, to me Inna ta hana ni? Shekara ashirin ina cizon yatsa a kan abin da ke manne a bangon kowane ɗaki. Kuma wadda ta zo ta gaya mini 'yar Auta ce. Nawa biyun suna ƙasa, da yanzu sun girme ta.

Na ce, "Tsinken gilashin nan da kika soka. Na wa ya fi hawa?"

"Tanti, duka biyun sun yi kyau."

"Ban tambaye ki kyau ba."

Ta dubi uwarta. Auta ta ce, "Gaya mata. Ba za ta bar ki ki tashi ba."

"Na Mama ya fi da layi biyu."

"Me ya sa?"

"Wataƙila ɗakin. Wataƙila yawan kalwar." Ta dube ni. "Tanti, har yanzu kina leƙawa?"

Ina leƙawa. Ba kamar da ba. Sau ɗaya, da safen kwana na farko, in ɗaga gefen bargo in sa yatsa biyu. Mutumin da ya ga abu ya mutu a hannunsa yakan so ya tabbatar.

Dahuwa ta gaba na sayo kwaɗo. Na zuba kalwa da tururinta, na rufe, na kulle ɗakin ajiya, na kai makullin wurin wata tsohuwa Bamosa mai sayar da ƙosai a unguwar Peuloghin. Na ce ko na zo ina birgima kada ta ba ni sai jibi. Na je tun washegari. Ta ƙi. Na zage ta da Mosanci, ta rama, ta ba ni ƙosai biyu ta kore ni.

Ran kwana biyu na aika a kira yarinyar ta zo da tsinkenta. Ta zo hannu sake. Ta ce na labo ne, ta mayar, an gama aikin, an riga an rubuta.

Na ce, "A gyara."

"Ba a gyarawa, Tanti. An ɗinke littafin."

"To ki aro."

Ta ce za ta gwada. Ba ta aro ba. Daga baya aiki ya kai ta garin Bobo.

Na buɗe ɗakin ni kaɗai. Na cusa hannu, ban kai rabin Fatiha ba na zaro. Ban taɓa jin irin wannan zafin ba, ko a tulin Inna. Na fita na kira Auta, na ce ta zo ta sa hannu. Ta zo tana jan takalmi. Ta durƙusa, ta cusa, ta zaro da sauri tana yarfewa.

Na ce, "Yaya kika ji?"

"Da zafi."

"Ya fi naki?"

"Yaya, hannu ba ya ƙidaya layi."

"Ke dai faɗi."

Ta goge yatsunta a bargona. Ta ce, "Nawa yana rubuce." Ta miƙe ta tafi, wai ta bar miya a wuta.

Na sake gwada ta sau biyu a shekarun da suka biyo. Amsar ɗaya ce. Shekarar da kasuwa ta ƙone aka zo rusau, aka tashe mu daga unguwar. Ɗakin daddawa da ɗakin ajiya rana ɗaya suka faɗi. Filin da aka ba Auta yana wani gefen gari, nawa yana wani. Ta bar sana'ar, 'ya'yanta suna ciyar da ita. Ni ina yi har yanzu, kaɗan, don maƙwabta.

Littafin yarinyar yana gidan Auta, cikin akwati. Na taɓa cewa a nuna mini shafin. Aka buɗe, aka ɗora yatsana a wurin. Lamba biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ban iya karatu ba, amma na tambayi wacce ce tawa. Ta ƙasan ce.